Fashin baƙi: Shin buɗaɗɗiyar filtar iska tana ƙara wa mota ƙarfi, ta kuma rage shan mai?

Shin da gaske ne idan aka cire akwatin iya-kilinar da mota ta zo da shi daga kamfani, aka ɗaura mata bututun ƙarfe mai ƙyalli da jar filta mai siffar mazurari, inji zai ƙara ƙarfi kuma shan mai ya ragu? Da can maganar samari ce masu sha'awar wasan mota. Amma tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, ta shiga bakin magidanta da direbobin haya, domin yanzu duk abin da aka ce yana rage shan mai sai an tsaya an saurara. Bidiyoyin TikTok da Facebook suna ƙara rura wutar: a buɗe bonet, a taka totur, inji ya yi gurnani, mai talla ya ce mota ta samu ƙarin ƙarfin doki 15 ko 20. Ga kuma motocin Kwatano da ke shigowa daga Amurka, wasunsu da kayan a jikinsu, dillali har yana ƙara kuɗi a kansu.

Amsar a taƙaice ita ce ƙarin ƙarfi yana yiwuwa, amma kaɗan ne, kuma ba ya fitowa sai an danne totur ƙasa. Ragin shan mai kusan babu shi. Abin da ke ƙaruwa tabbas shi ne ƙara. Sannan a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, abin da ake asara yakan fi abin da ake samu, kuma wannan ɓangaren ne masu talla ba sa kawowa.

Me ya haɗa ƙarfin inji da iska?

Injin fetur ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram 1 nasa yana buƙatar giram 14.7 na iska. In aka mayar da lissafin zuwa lita, lita 1 ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Abin da wuta ke nema a cikinta shi ne oksijin, wanda bai wuce kashi 21 cikin 100 ba.

Daga nan tunanin ya samo asali, kuma tunani ne mai tushe. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, kwamfutar mota ta tsawaita feshin nozul kawai. Shigar da ƙarin iska shi ne aiki. A injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura iska cikin inji da ƙarfi, fistin ne ke sauka ya bar gurbi, nauyin iskar waje ya turo ta ciki. Inji mai lita 2.0 da ke juyi 6,000 a minti yana neman iska kusan lita 100 a kowace daƙiƙa. Duk wani ƙunci ko lanƙwasa a hanya yana rage abin da zai isa silinda.

Hanyar da kamfani ya tsara tana farawa ne daga wani baki da ke kusa da fitilar gaba ko bayan raga, inda iskar waje take. Daga nan sai akwatin roba mai filtar takarda, sai na'urar auna iska da ake kira MAF, sai ƙofar totur, wato faifan da ke buɗewa gwargwadon takun direba. A jikin bututun za ka ga wasu ƙananan akwatuna da ba su ɓulle ko'ina ba. Wasu kanikawa sukan ce ba su da amfani. Suna da shi: su ne ke kashe ƙarar tsotson iska, kuma a wasu injina suna daidaita bugun iskar don mota ta ja da kyau a ƙaramin juyi. Injiniyoyin kamfani suna neman abubuwa da yawa a lokaci ɗaya: tsabtar iska, rashin hayaniya, kariya daga ruwa, araha, sannan ƙarfi. Mai sayar da kayan kasuwa yana sadaukar da wasu daga cikinsu ne don ya ci ribar ɗaya.

Me ake canzawa?

Mafi sauƙi shi ne a bar akwatin, a cire filtar takarda a sa ta auduga da ake shafa wa mai, irin wadda kamfanin K&N na Kalifoniya ya yi suna da ita tun 1969. Ana wanke ta a sake amfani da ita. Sai gajeren bututu mai filtar mazurari a buɗe cikin ɗakin inji. Shi ya fi araha, shi ya fi ƙara, kuma shi aka fi gani a wajenmu. Sai dogon bututu da ke kai filtar ƙasa, bayan bamba ko cikin gefen taya, don ta shaƙi iskar da inji bai dafa ba. Kamfanoni irin su AEM da Injen da aFe suna yin waɗannan, wasu da rufaffen akwati. Kasuwa kuma ta cika da na kwaikwayo marasa suna, waɗanda launinsu kawai ya yi kama da na asali.

Ƙarin ƙarfin nawa ne?

Ba za ka samu fiye da abin da tsohon akwatin yake tauyewa ba. Idan akwatin kamfani yana rage nauyin iska da kashi 2 cikin 100 a lokacin da inji yake iyakar juyinsa, to ko cire shi ka yi gaba ɗaya ka bar bututun a buɗe, ribarka ba za ta wuce wajen kashi 2 ɗin ba. Corolla mai injin lita 1.8 ƙarfinta wajen doki 130 ne. Kashi 2 nata bai kai doki 3 ba. Babu direban da zai ji bambancin doki 3 a jikinsa. Ɗaukar fasinja guda ko kunna AC ya fi wannan tasiri.

Manyan alƙaluman da ake bugawa a kwali galibi daga manyan injina suke fitowa, masu silinda 8 ko masu turbo, kuma adadin mafi girma ake ɗauka, a can ƙarshen juyin inji inda mai zuwa kasuwa ko ofis ba ya kaiwa. Gwajin kansa ana yawan yin sa da bonet a buɗe da fanka tana hurawa, yanayin da ba ya faruwa a kan titi.

Akwai masu cewa gudun mota zai tura iska cikin bututun da ƙarfi. A gudun kilomita 100 a awa, matsin da iskar gaba take bayarwa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyin iskar da muke ciki ba.

To me ya sa mutane suke rantsuwa cewa motarsu ta ƙara gudu? Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka ji suke faɗa. Kunne yana shiga cikin hukuncin da direba ke yankewa. Da zarar an cire akwatunan kashe ƙara, kowane taku sai ya zo da gurnani, kuma wanda ya kashe kuɗinsa yakan ƙara takawa don ya ji shi. Wani lokaci ma tsohuwar filtar da aka cire ta toshe ne da ƙura, sabuwar takarda za ta ba da wannan sauƙin.

Zafi, inda lissafin ke juyewa

Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙi, wato a lita guda oksijin ɗinta bai kai na mai sanyi ba. Ƙa'idar da masu gwajin inji ke amfani da ita tana nuna cewa ƙarin zafin digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfi.

Yanzu a duba watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin waje yake haura digiri 40. Mota ta tsaya a cunkoso, fankar lagireto tana watso zafi baya, bututun hayaƙi yana dafa ɗakin inji. A irin wannan hali iskar da ke ƙarƙashin bonet takan haura digiri 60, ta tasam ma 70. Akwatin kamfani yana zuƙo ta waje. Filtar mazurari da ke zaune tsirara kusa da inji kuwa wannan dafaffiyar take sha. Iskar digiri 70 ta fi ta digiri 40 sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100. Bayan haka, idan kwamfutar mota ta ga iska ta yi zafi, takan jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya riƙa ƙwanƙwasa, wannan ma wani ragin ƙarfin ne. Sai mutum ya biya kuɗi don ribar kashi 2, ya yi asarar kashi 4 ko 5 daidai lokacin tashi daga danja. Idan mota ta hau babban titi iska ta ratsa ɗakin injin, gibin yana raguwa. Amma yawancin tuƙinmu cikin gari ne.

Don a ga girman abin da ake magana a kai: injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau sama. Jos tana wajen mita 1,200 daga saman teku. Motar da ta taso daga Legas ta isa Jos ta zubar da fiye da kashi 10 a hanya, kuma direbobi da yawa ba sa ma lura.

Batun shan mai

Nan ne aka fi yaudarar mutane, kuma nan ne ya fi damuna, domin wanda ke neman ragin mai yau ba ƙwalisa ta kai shi ba, aljihu ne.

A tuƙin yau da kullum ƙofar totur a ɗan buɗe take. Ita ce take tauye iska da gangan, domin ta haka ake sarrafa ƙarfin injin fetur. Kamar famfo ne da aka ɗan murɗa: ko ka canza bututun da ke kawo ruwa da ƙato, abin da zai zuba shi ne gwargwadon buɗewar kan famfon. Idan filta ta sauƙaƙa wa iska, direba zai ɗan sassauta ƙafa, iskar da ke shiga ta koma daidai yadda take. Kwamfuta kuma tana auna iskar, tana duba hayaƙi da na'urar oksijin, tana zuba mai daidai da lissafin 14.7. Iska ɗaya, mai ɗaya.

An gwada wannan. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta toshe filtar wasu motoci da gangan, ciki har da Toyota Camry ta 2003, ta auna su. A motoci masu injekta da kwamfuta, toshewar ba ta canza shan mai ta yadda za a lura ba. Abin da ya ragu shi ne saurin ɗaukar gudu, da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. Tsohuwar mota mai kafireta ce kaɗai shan manta ya ƙaru, saboda ita ba ta da kwamfutar da za ta gyara ma'auni. Idan toshe filta bai ƙara shan mai ba, buɗe ta ba zai rage shi ba. Maganar da kanikawa suka gada cewa dattin iya-kilina yana shanye mai gaskiya ce a zamanin Fijo 504 da Bitil, kuma har yau gaskiya ce ga babura da janareto masu kafireta.

A gefen wannan akwai ƙananan na'urorin da ake cusawa cikin bututu, wata fanka mai amfani da batir da ake kira turbo na lantarki, ko wani ƙarfe mai fukafukai da aka ce yana murɗa iska. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi wani tasiri na a zo a gani ba. Waɗannan ƙunci ma suke ƙarawa, kuma in wani abu ya ɓalle daga jikinsu, cikin inji zai nufa.

Ƙura: tambayar da ta fi shafar mu

Aikin filta na farko ba wuce da iska ba ne, tsare ƙura ne. Kuma abubuwan biyu suna jan juna: in girman filta ɗaya ne, wadda ta fi barin iska ta wuce galibi ƙofofinta sun fi faɗi.

Muna zaune ne a kan hanyar ƙurar hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana ɗebo ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, gurbin tsohon babban tafki da ya ƙafe, wanda masana ke lissafa shi a matsayin wuri guda mafi fitar da ƙura a duniya. Ita ce take rufe Kano da Zinder da hazo har jirage su kasa sauka. A ƙara da hanyoyin da ba kwalta da unguwannin da ake gini. Wannan ƙura tana ɗauke da sinadarin yashi mai kaifi. In ta shiga silinda sai ta haɗu da baƙin mai ta riƙa cin ringi da bangon silinda sannu a hankali. Ba a rana ɗaya take nunawa ba. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu mota ta fara shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, ƙarfi ya tafi, a ce a sauke inji a sa ringi. A lokacin ba wanda zai tuna da filta.

Ana gwada filta da ma'aunin duniya mai suna ISO 5011, kuma alƙaluman da ke fitowa suna iya ruɗar mutum. A ɗauki misali na lissafi: wata tana tsare kashi 99.5, wata kashi 98. A ido kamar ɗaya suke. Amma abin da ya wuce shi ne abin dubawa. Ta farko ta bar 0.5, ta biyu ta bar 2, wato ninki 4 na ƙura ke shiga inji, a kan lita 9,000 na iska ga kowace litar mai.

Masu goyon bayan filtar auduga suna da hujjarsu, kuma ya kamata a faɗe ta. An fara ƙera ta ne don babura masu tsere a ƙasa mai ƙura. Man da ke jikinta yana kama datti. Ba a jefar da ita, kuma K&N yana cewa takan yi har mil 50,000, kimanin kilomita 80,000, kafin a wanke ta a tuƙin babban titi. Sai dai wancan lissafin ba na hanyar Gaidam ko Illela ba ne. Mai tsere yana wanke filtarsa a kai a kai, yana kuma buɗe injinsa lokaci zuwa lokaci. A wajenmu kuwa sabulun wankinta da man shafa mata ba a ko'ina ake samunsu ba. Abin da ke faruwa shi ne a wanke ta da fetur ko omo, a mayar da ita a bushe, ko a shafa mata baƙin mai. Auduga busasshiya ba ta tsare ƙurar hunturu. In kuma ta kwaikwayo ce tun asali, to babu ma ma'aunin da aka gwada ta da shi.

Gwajin da kowa zai iya yi: a kwance bututun da ke bayan filta, a shafa yatsa ko farin ƙyalle a cikinsa. Ya kamata ya fito fes. In ya fito da gari mai laushi, inji yana shan ƙura, ko ta jikin filtar, ko ta gefen da bai rufu ba. Wannan gwajin ya shafi masu akwatin kamfani ma. Sau da yawa za ka tarar maƙallan akwatin sun karye an ɗaure da waya ko robar tayar keke, murfin ya ɗaga ta gefe ɗaya. Haka nan al'adar kai filtar takarda wajen mai faci a hure ta da iskar kwamfuresa tana iya fasa takardar, ta bar ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa tsarewa, don haka yawan hure ta ba gata ba ne.

Wutar cek-inji da ruwan damina

Na'urar MAF tana aiki ne da wata siririyar waya mai zafi da iska ke sanyayawa. An daidaita ta da faɗin bututun kamfani. In aka sa ta a bututun da ya fi faɗi, ko inda iska ke hargitsewa, sai ta ba kwamfuta labarin da ba daidai ba. Daga nan wutar cek-inji ta kama, na'urar bincike ta nuna P0171, wato mai ya yi kaɗan a kan iska, ko P0101, wato awon iskar ya kauce. Mota ta riƙa rawa a tsaye ko tana shaƙewa wajen tashi. Kanikawa da dama suna ɗora laifin dattin wayar a kan man filta idan an cika shi, kodayake K&N ya musanta cewa mansa yana barin jikin filta. Tsofaffin Honda da yawa ba su da MAF, da matsin iska suke awo, shi ya sa ba su cika wannan rigimar ba.

Dogon bututun da ya sauka ƙasa ya warware matsalar zafi, amma ya kawo ta ruwa. Ruwa ba ya matsuwa. In filta ta nutse a kududdufi inji yana aiki, ruwan ya shiga silinda, fistin ya taso ya same shi, sandar fistin ce za ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa inji. Duk wanda ya san yadda titunan Kano ko Legas suke komawa bayan ruwan damina ya san wannan ba hasashe ba ne.

Wa abin yake yi wa amfani?

Motoci masu turbo da aka sake wa kwamfuta lissafi don su ƙara matsa iska suna iya kaiwa inda akwatin kamfani ya yi musu kaɗan. A nan babban bututu da rufaffen akwati suna da ma'ana, tare da gyaran salansa da na'urar sanyaya iska. Haka masu tsere a fili na musamman. Wanda kuma ƙarar kawai yake so, ya san abin da ya saya, wannan zaɓinsa ne, muddin ya san farashinsa.

Canjin da ya dace da ƙasarmu daban ne, kuma ba don gudu ake yin sa ba. Shi ne bututun da ake ɗagawa ta gefen gilashi zuwa rufin mota, wanda ake gani a jikin Land Cruiser da Hilux masu ratsa hanyoyin Agadas da sauran sahara. Yana ɗebo iska daga sama, nesa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa, yana kuma kare inji wajen ƙetare ruwa. Wasu ana sa musu kai mai juya iska ya zubar da yashi kafin ta kai filta. Manyan motoci da taraktoci ma hanyar da suka bi ke nan: filta biyu, wata cikin wata.

Ga mai Corolla ko Camry ko Golf ko Sharon da yake neman abinci da ita, shawarata ita ce ya bar akwatin kamfani, ya tabbatar murfinsa yana rufuwa ruf da robarsa, ya sayi filtar takarda mai kyau, ya riƙa duba ta a kowane juyen baƙin mai, musamman daga Disamba zuwa Maris. In motar Kwatano ce ta zo da filtar mazurari, a yi gwajin yatsa kafin a biya kuɗi, a duba hayaƙi da safe, a sa na'ura a ga ko an goge wutar cek-inji. Akwatin asali na irin waɗannan motoci ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. A nemi cikakke, da bututunsa da ƙananan akwatunan gefe da mazaunin MAF, a kuma cire kuɗinsa daga farashin motar.